Yadda Za Ka Hau Jirgin Sama da Kwat, Ka Sauka Ba Ta Yamutse Ba

Kai da tikitin jirgi ke aljihunka, kwat kuma na rataye a bayan ƙofa, kana kallonta tana kallonka, kwantar da hankalinka. Matakai tara ne kacal. Duk wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai yi gardama ba, bai tsallake ba, na yi masa alkawari zai sauka daga jirgi da kwat ɗinsa sumul, karin wandonsa kuwa har albasa zai iya yankawa. In ba haka ta faru ba, ka zo ka same ni. Adireshina ne dai ba zan bayar ba.

Kada ka tambaye ni ko na taɓa hawa jirgi. Likitan da ke karɓar haihuwa bai taɓa naƙuda ba, amma a ƙofarsa ake layi. Ilimin nan na ɗauko shi ne daga bakin Mai Guga, dattijon da shagonsa ke ƙarshen layinmu, tsakanin mai faci da mai gyaran waya. Shekara talatin da huɗu yana tsaye a gaban teburi ɗaya yana goge kayan mutane. Babu kwat a unguwar nan da bai san kafaɗarta ba. Ya san wadda aljihunta ya huje, ya san wadda mai ita ya ƙara ƙiba yana musu. Shi kansa kuwa bai taɓa zura hannu a cikin ko ɗaya ba.

Sai ga Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta gama karatun injiniya a wani birni mai nisa. Ta aiko masa da tikiti da katin gayyata, ta kuma bugo waya.

"Baba, ranar yaye mu za a kira uban kowa ya hau dandamali, a ɗauke shi hoto da ɗansa a gaban jama'a. Kai za ka hau."

Ya ce to, Allah ya kai mu. Yana ajiye wayar ya shiga lissafi. Ya san irin iyayen da za su hau dandamalin nan, ai kayan irinsu yake gogewa. Abu ɗaya yake tsoro: kada wani ya dube shi ya gane mai guga ne, Auta ta ji kunya a ranar da ta fi kowace rana a wurinta. Rana ɗaya tak yake so a kalle shi a ce ga uban injiniya, kada kowa ya tambaye shi ko yana karɓar gugar labule. Daga wannan tsoron matakanmu suka fito.

Mataki na ɗaya: Ka fara mallakar kwat

Za ka ji kamar wasa, amma a nan da yawa suke faɗuwa. Kada ka ara. Kwat ɗin aro tana da baki, kana shiga taro za ta fara gaya wa mutane ba kai ne mai ita ba: ko hannunta ya rufe yatsu, ko maɓallinta ya ƙi gaisawa da ramin. Mai Guga dai da aro yake so, da ba sai ya roƙi kowa ba. Kwat goma sha ɗaya ne rataye a shagonsa a makon nan, har da wata mai ruwan toka da mai ita ya manta da ita tun bara. Ya tsaya ya dube ta sau ɗaya, ya yi istigfari, ya wuce wurin Tela.

Tela abokinsa ne tun suna yara, saboda haka ba sa raga wa juna.

"Kai ne za ka sa kwat? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

"Auna ni ka rufe mini baki."

"To miƙe kafaɗar mana. Ta dama ta fi ta hagu sauka, dutsen guga ya ja ta ƙasa."

"Ka cika ta da soso. Ba aikinka ke nan ba, rufa wa mutane asiri?"

Tela ya cika ta da soso. Kwat ta fito shuɗiya mai duhu, maɓalli biyu, aljihun ƙirji ɗaya. Mai Guga ya gwada ta a gaban madubin Tela, ya ga wani mutum da bai sani ba, irin wanda in ya shigo shagonsa zai tashi ya kakkaɓe masa kujera. Abin ya yi masa daɗi har ya ba shi tsoro. Ya yi maza ya tuɓe kafin ta ɗauki zafin jikinsa.

Mataki na biyu: Goge ta tun saura kwana uku, ka kafa dokar ta-ɓaci a gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi farin ƙyalle mai tsabta, ka jiƙa, ka matse, ka shimfiɗa a kan kwat kafin dutse ya taɓa ta. Wanda ya ɗora dutse kai tsaye a kan kwat har ta yi ƙyalli kamar kan mai sanƙo, ya tashi ya fita, ba ya cikin ɗalibaina. Fara da kafaɗa, ka gangaro hannu, ka bar ƙirji a ƙarshe. Mai Guga ya yi awa biyu a kan aikin da in na wani ne minti ashirin ya ishe shi.

Da ya gama, ya kawo ta gida ya rataye a ƙusar da ke tsakiyar bango, ya rufe da leda, ya yi shela: ba a kunna fanka, ba a sa turare, ba soye-soye sai ya tafi. Mai ɗakinsa ba za ta yi tafiyar ba saboda ciwon gwiwa, ta kuma ce ko da gwiwar lafiya take ita ba tsuntsuwa ba ce. Ta yi haƙuri da dokar kwana ɗaya. A na biyu ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Malam, in za mu yi numfashi a ɗakin nan, sai mun nemi izininta ne?"

"Ki yi abinki, amma ki juya can."

Mataki na uku: Kada ka kuskura ka sa ta

A nan sirrin yake, buɗe kunne. Babban maƙiyin kwat shi ne mai ita. Kwat ba ta yamutsa kanta. Kai ne kake zama, kake lanƙwasa gwiwa, kake ɗaga hannu ka sosa ƙeya, kake cusa waya a aljihu. Cire mutum daga cikinta ka gani ko za ta yi wani laifi. Saboda haka ranar tafiya ka sa kayan da ba ka jin tausayinsu, kwat kuma ka riƙe ta a hanga: ƙugiyar a yatsu biyu, hannu a sama daidai kunne, gwiwar hannu a waje, don kada bakin wando ya shari ƙasa.

Mai Guga bai buƙaci a koya masa wannan riƙon ba, haka yake kai wa mutane kayansu gida-gida tun yana saurayi. Ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki mai ɗan tabon gawayi a aljihu, ya ce in ya isa ya nemi wuri ya sauya.

"Malam, ka sa abarka ka tafi kamar kowa," in ji mai ɗakinsa. "Yarinyar nan kai take son gani."

"Ke me kika sani a kan yadi?"

"Ban san komai ba. Ni dai nake wanke abin da kake gogewa."

Idan matarka ta faɗi irin wannan magana, kada ka tsaya nazari, ɗauki jakarka ka fita. Mata suna da wata ɗabi'a ta faɗin gaskiya daidai lokacin da mutum yake sauri.

Mataki na huɗu: Bar dutsen guga a gida

Na san zuciyarka za ta raya maka ka tafi da shi saboda ko-ta-kwana. Kada ka biye mata. Mai Guga ya biye wa tasa. Ya naɗe dutsensa na gawayi, mai ɗan zakaran ƙarfe a marfi, a cikin tawul, ya ƙara da ƙullin gawayi da kwalin ashana, ya zuba a jaka. A filin jirgi jakar ta shiga na'urar bincike, sai na'urar ta tsaya cak. Jami'in da ke kallon allo ya kira abokin aikinsa, shi kuma ya kira babbansu, su uku suka haɗa kai suna kallo.

"Baba, mene ne wannan?"

"Dutsen guga ne, ɗana."

"Wannan baƙin fa?"

"Abincinsa ne."

"Har da ashana? A jirgi?"

"To da me zan kunna shi?"

Aka yi masa bayani cikin ladabi, ya yi musu nasa cikin ladabi, ba wanda ya gane na wani. Ƙarshe Tela, wanda ya rako shi yana leƙe ta bayan gilashi, shi ya koma gida da dutsen naɗe a tawul ɗinsa, yana dariya har da riƙe ciki.

Saura kwat. Aka ce ita ma sai ta kwanta a tire ta bi ta cikin na'ura, tiren kuwa ƙarami ne, ba ta shiga sai an ninke. Mai Guga ya jera tire uku, ya kwantar da ita da hannunsa, ya gyara mata hannuwa, ya raka ta da ido har labulen roba ya haɗiye ta. Sannan ya ruga ɗaya gefen ya tarye ta, ba takalmi, hannu ɗaya riƙe da ƙugun wando saboda an sa ya cire bel. Layin da ke bayansa ya kai ƙofa. Ba wanda ya yi masa tsawa, furfura ma tana da ranarta.

Mataki na biyar: Akwatin sama ba naka ba ne

A cikin jirgi akwai wasu akwatuna a saman kujeru. Kallo ɗaya za ka yi musu ka ɗauke kai. A nan ake cusa jakunkuna masu taya, kuma kullum sai an sami wanda zai zo a makare ya danna tasa da ƙarfin tsiya a kan ta kowa, ya buga marfin sau uku. Wasu za su ce maka akwai ɗan kabad a gaban jirgi inda ake rataye kwat. Akwai, amma na mutanen da labule ya raba ka da su ne.

Ma'aikaciyar jirgi, wata yarinya sa'ar Auta, ta miƙo hannu tana murmushi.

"Baba, kawo in ajiye maka a sama."

"A'a 'yata, muna tare."

"Tafiyar awa biyu ce fa."

"Na yi tsayuwar da ta fi haka."

Kujerarsa ta bakin taga ce. Ya zauna a hankali, hannun dama a sama, kwat na lilo a gabansa tsakanin gwiwoyinsa da bayan kujerar gaba. A gefensa aka ajiye wani bawan Allah da za mu kira Mai Tumbi, wanda ya cika kujerarsa ya ɗan shiga ta maƙwabta. Da aka ce kowa ya ɗaura bel, Mai Tumbi ne ya ɗaura masa, domin hannu ɗaya ba ya wannan aikin. Da aka ce kowa ya kashe waya, shi ne dai ya zaro masa ita daga aljihu ya kashe. Mutane suna cewa daga sama gari yana da kyau, gidaje ƙanana, hanyoyi kamar zare. Mai Guga yana bakin taga, amma tun daga tashi har sauka abin da ya gani leda ce.

Mataki na shida: Kada ka ci, kada ka sha, ka kuma sa ido a kan mai sha

Bayan rabin awa za a turo keken abinci. Ka ce ka ƙoshi. Yunwar awa biyu ba ta taɓa kashe kowa ba, amma ɗigon mai guda ɗaya ya sha kashe kwat. Sai dai ƙoshinka kai kaɗai ba ya wadatarwa, domin haɗarin a hannun maƙwabci yake.

Mai Tumbi ya karɓi shayi, kofi cike har baki. Mai Guga ya bi kofin da irin kallon da mai kaji ke yi wa shaho. Ana haka jirgi ya shiga gargada, ya yi tsalle ɗaya, ya yi na biyu. Kafin na uku Mai Guga ya riga ya juya, ya ba kofin baya, ya rufe kwat da jikinsa. Shayin ya sauka a kafaɗarsa ya gangara har ƙugu. Da zafinsa kuwa, amma shi ledar ya fara shafawa daga sama har ƙasa.

"Wayyo, Baba, yi haƙuri! Ka ƙone?"

"Ba komai, bai taɓa ta ba."

Mai Tumbi ya dubi kwat, ya dubi rigar da ke ɗiga, ya girgiza kai cike da sha'awa.

"Lallai maigidanka ya yi dacen ma'aikaci. Shi yana kujerun gaba ne?"

Maganar ta fi shayin ƙuna. Mai Guga ya ƙara ɗaga hangar sama.

"Tawa ce. 'Yata ce ta zama injiniya."

Kunya ta rufe Mai Tumbi. Ya yi ta Allah ya sa albarka, ya yi ta goga masa takarda a kafaɗa, daga baya ya ce, "Hannunka na rawa, Baba, kawo in karɓe ka." Mai Guga ya dubi kwat ɗin da ke jikin mutumin, wadda ta yi kamar akuya ta tauna, ya so ya ƙi. Amma kafaɗa ta riga ta mutu. Ya ba shi riƙon minti goma, yana gyara masa: "Sama. Ƙara sama. Gwiwar hannu waje." Kafin a sauka har ya koya masa maganar farin ƙyalle kyauta. Riƙe wannan a ranka: wanda ya ƙona ka da shayi, ya fi kowa sauƙin sawa aiki.

Mataki na bakwai: Bari kowa ya fita

Jirgi na tsayawa mutane za su miƙe kamar an ce wuta ta kama. Zauna abinka, sannu ba ta hana zuwa. A cikin tasi, kwat ce za ta kwanta a kujerar baya, kai ka zauna gaba ka juya wuya kana gadinta. Miƙa wa direba takardar da aka rubuta maka sunan makarantar, ka roƙe shi ya bi ramuka a hankali.

Wayarka kuma ka kunna ta. Wannan ba daga Mai Guga na samo ba, ni na ƙara. Shi an ce masa ya kashe, ba wanda ya ce ya kunna, kuma mutum ne mai bin doka. Auta ta kira sau goma sha bakwai.

Mataki na takwas: San ƙofar da za ka shiga

Zauren taron ƙofa biyu gare shi. Ta gaba mai jan kafet, ta nan iyaye ke shiga suna ƙamshi. Ta baya kuma ta masu kawo kujeru da ruwan sha ce. Mai Guga ya iso ƙofar gaba saura minti arba'in a fara, hannu a sama daidai kunne, riga da taswirar shayi. Kwat kuwa, in gaya maka gaskiya, ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Ta keta gajimare ta sauko kamar yanzu aka ɗauke ta daga teburi. Ka shaida, matakaina suna aiki.

Mai gadi ya dube shi sau ɗaya.

"Masu kawo kaya ta baya. Zagaya ta hagu."

"To, ranka ya daɗe," in ji Mai Guga, har da ɗan rusunawa.

Sai da ya yi taku ashirin sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Katin gayyata na nan a aljihunsa, mai ruwan zinariya, da sunansa a jiki. Sabo turken wawa. Shekara talatin da huɗu ana nuna masa ƙofar baya yana cewa to, yau ma bakin bai jira shi ba. Ya tsaya a jikin bango ransa a ɓace, kuma da kansa yake fushi fiye da mai gadin. Ya so ya koma ya nuna katin, ya dubi rigarsa, ya ga in ya koma a haka sai an yi doguwar magana a gaban mutane. Ya ce bari dai ya bi ta bayan, ya sami lungu ya sa kwat, sannan ya zagayo ya shiga ta gaba ya ga ko mai gadin zai gane shi.

Mataki na tara: Kada ka kalli rigar kowa

Wannan ya fi duk saura wuya, kuma shi ne ya kayar da malamin namu da kansa.

Ƙofar baya ta kai shi wani dogon ɗaki inda ake raba wa ɗalibai rigunan yaye, baƙaƙen nan masu faɗin hannu. An kwashe kwalayen kaf, ɗalibai na ta gyara huluna a gilashin taga. A can ƙarshen ɗakin ya hango Auta tsaye, waya a hannu ɗaya, riga a ɗayan, idonta ya yi ja.

"Baba! Ina ka shiga? Na fita bakin titi ya fi sau biyar!"

"Ga ni, ga ni, lafiya lau na zo." Ta durƙusa tana gaishe shi, amma idonsa na kan abin da ke hannunta. "Wannan fa?"

"Ita ta rage. Ina can ina nemanka kowa ya zaɓi tasa. Wannan a ƙasan kwali take."

Ya ɗaga rigar da hannun hagu. An duƙunƙune ta an danne da nauyin 'yan'uwanta tun yayen bara, babu tafin hannu guda a jikinta da yake a miƙe. Ya dubi agogon bango, saura minti ashirin da biyar.

"Da wannan za ki hau?"

"Ba komai Baba, ba wanda zai lura. Je ka sa kayanka."

"Ni na lura."

Wata mai shara ta ce akwai dutsen lantarki a ɗakin ajiya, ta ɗauko. Teburi kuwa ɗaya ne a ɗakin, na roba, irin wanda dutse mai zafi zai narkar. Kowane mai guga ya san ba a guga sai da shimfiɗa mai kauri. Ya duba ko'ina. Labule a kafe yake a bango, tsumman mai shara jiƙe yake da ruwan datti, kwalayen duk ƙura ce, tawul ɗinsa kuma ya koma gida tare da Tela. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, hannun dama har yanzu a sama daidai kunne. Sai ya sauke shi.

Ya yage ledar, ya zare kwat daga hanga, ya juyo cikinta waje, ya karya hannuwan ciki, ya ninka ta biyu, ya tura maɓallan gefe, ya shimfiɗa a kan teburin.

"Baba, kwat ɗinka!"

"Miƙo mini ruwa."

Ya guntsa ya fesa, dutse ya sauka, tururi ya tashi. Hannun da ya wuni a sama yana rawa, yana kama dutse ya daina. Ya bi kafaɗa, ya gangaro hannuwa, ya fitar da ninkin baya ɗaya bayan ɗaya, baƙin yadin ya fara kwanciya kamar an lallashe shi. Ɗalibai suka soma juyowa. Wata doguwa mai takalmi mai tsini ta matso da tata rigar, ta ajiye a gefen teburin, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Mai guga, in ka gama ga tawa. Ka yi sauri."

Abin da ya hau jirgi yana gudu ke nan ya same shi, a gaban Auta, a gaban 'yan ajinsu. Dutsen ya tsaya a hannunsa. Ya kasa ɗaga kai ya dubi 'yarsa.

"Mai guga ne," in ji Auta, da muryar da har mai shara ta jiyo daga bakin ƙofa. "Duk garinmu babu kamarsa, kuma da gugar ya kawo ni nan. Babana ne. Ki gaishe shi tukuna, sannan ki bi layi."

Yarinyar ta daburce, ta rusuna ta gaishe shi har sau biyu, ta kai hannu za ta janye rigarta. Mai Guga ya dafe rigar.

"Bar ta, 'yata. Kafaɗar nan ba ta fita haka."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki, ya ce tururi ne ke shiga masa ido. Riga uku ya goge kafin a ce ɗalibai su shiga layi.

Da ya ɗaga kwat ya warware ta, sai ya ga abin da ya yi mata. Yamutsewar jirgi ko ta mota, in ka rataye kaya takan saki da kanta. Wannan kuwa kari ne, na gwani, wanda aka kafa da ruwa da tururi da nauyin hannu. Ɗaya ya ratsa ƙirji daga hammata zuwa hammata, biyu sun karya hannuwa a inda Allah bai yi gaɓa ba. Auta ta ce a tsaya ya goge ta. Ya dubi agogo, ya ce da wace shimfiɗar? Ya shiga bayan kwalaye ya sa abarsa. Wandon dai, a faɗi gaskiya, babu abin da ya same shi.

Bai koma ƙofar gaba ba, a tsakiyar injiniyoyi ya shiga zauren. Da aka kira sunan Auta aka ce mahaifinta ya hau, ya hau, ya tsaya a gefenta, shugaban makaranta ya miƙa masa hannu. Mai hoto ya leƙa ta na'urarsa, ya ɗago kai.

"Baba, ɗan ja kwat ɗin ta miƙe."

"Ba za ta miƙe ba, ɗana, ni na kafa karin. Ɗauka kawai."

Wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin ciwon kafaɗa, ko ƙunar shayi, ko dariyar tela, ko maganar mai gadi. Alkawarina na sauka daga jirgi ne, kuma na cika, kwat ta sauka sumul, akwai shaidu. Abin da ya biyo baya tsakaninka ne da iyalinka. A kan yadi aka gwada matakan nan, ba a gwada su a kan uba ba. In kana da 'ya, ta kuma tsaya a gabanka da riga a yamutse, ba ruwana, kada ka kira sunana.

Mai son ganin sakamako da idonsa ya leƙa shagon Mai Guga. Kwat tana rataye a bayan teburi cikin sabuwar leda, karin nan uku suna nan daram. Aikin minti goma ne a wurinsa ya fitar da su. Mai ɗakinsa ta yi magana, Tela ya yi, ni ma na yi. Amsarsa kullum ɗaya ce: kayan mutane sun yi yawa, sai ya sami lokaci.